Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri: Doguwar Hanyar da Ta Kawo Mana Makaranta

Gabatarwa

 Duk lokacin da aka ce a ba da tarihin makaranta, abin da aka saba yi shi ne a jero sunayen shugabannin da suka riƙe ta, da gine-ginen da kowannensu ya bari, sannan a rufe da sunayen manyan mutanen da ta yaye. Wannan hanya ba ta da laifi. Sai dai tarihin Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ya girmi harsashin ajinta na farko nesa ba kusa ba. Kafin a kai ga ranar da yaron Wara ko na Shanga zai shiga sakandare ba tare da ya yi kwana da kwanaki a hanya ba, sai da aka shafe shekaru masu yawa ana lallashin iyaye su yarda su saki 'ya'yansu ga makarantar boko. Wannan yarda ita ce babban jarin makarantarmu, kuma ita ce aka yi wa mummunan rauni a shekarar 2021. Saboda haka wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka tara wannan jari, da yadda ya kusa salwanta, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu.

Garin da Aka Kafa Ta

Baƙon ɗalibi da ya sauka daga mota a Birnin Yauri, a kan hanyar Yelwa zuwa Kwantagora, zai iya ɗauka cewa wani ƙaramin gari ne kawai aka zaɓa saboda yalwar fili. Alhali kuwa nan ne tsohuwar fadar sarakunan Yauri, gari mai ganuwa, wanda ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suka san shi tun da daɗewa. A shekarar 1806 Baturen nan Mungo Park ya ratsa ƙasar Yauri ta Kogin Kwara, ya je ya halaka a Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo har fadar Sarkin Yauri suna neman takardun da Park ya bari, suka yi makonni a garin kafin su koma kan kogi.

Rikicin sarauta da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 su suka raunana birnin, har fada ta bar shi. A 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, Yelwa ta zama mazaunin sarki, kuma haka abin ya zauna. Birnin Yauri ya rage da sunansa da kufan ganuwarsa, daga baya ya faɗa cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski mai hedikwata a Wara. Ashe ke nan kawo kwalejin tarayya wannan wuri wani nau'i ne na mayar wa tsohon birni da martabarsa, domin ya sake zama wurin da baƙi daga nesa suke nufowa.

Ƙasar da ke kewaye da shi kuwa ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Akwai Hausawa da Fulani, akwai Gungawa mazauna tsibirai, da Kambari, da Dukawa, da Shangawa, da Lopawa, ga kuma Sarkawa masunta. Tun kafin gwamnati ta yi tunanin haɗa yara masu harsuna dabam-dabam a aji guda, kasuwar Yelwa ta riga ta saba haɗa iyayensu a rumfa guda.

Zamanin Tafiya Sakkwato

Karatu ba baƙo ba ne a ƙasar Yauri. Makarantun allo da zaurukan malamai sun riga Turawa zuwa, kuma da rubutun ajami ake aika wasiƙu tsakanin sarakuna. Boko ne ya zo daga baya, kuma ya zo da ɗingishi. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai a 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina domin horar da malamai, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. Ita kaɗai ce babbar makarantar gwamnati a duk faɗin Arewa a wancan lokaci, kuma 'yan ƙalilan take ɗauka daga kowane lardi.

Yauri ta yi sa'a guda a wannan zamani. Sarki Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1923 ya riƙe har 1955, yana cikin sarakunan Arewa na farko-farko da suka yi karatun boko, kuma Turawan mulki da kansu sun shaide shi da iya tafiyar da sha'anin En'e. Idan sarki da kansa ya san daɗin alli da allo, to hakimi ba ya samun bakin cewa makaranta aikin banza ce. Duk da haka, a nan ma kamar sauran ƙasashen Arewa, ɗaukar yara elementare bai zo da sauƙi ba. Akan aiko wa hakimi adadin yaran da ake so, shi kuma ya raba wa dagatai. Uwa ta ji labari ta ɓoye ɗanta a rumbu, ko ta tura shi ƙauyen dangi sai ƙura ta lafa. Manomi yana ganin an raba shi da hannu guda a gona, masunci yana ganin an raba shi da mai riƙe masa filafili, malami kuma yana tsoron kada yaro ya dawo da baƙuwar ɗabi'a. Kowanne da hujjarsa, kuma ba hujjar wofi ba ce.

Wanda ya gama elementare ya yi fice, sai midil. Tun daga tsakiyar shekarun 1920 Yauri tana ƙarƙashin Lardin Sakkwato, saboda haka Midil ta Sakkwato ita ce maƙurar burin yaro. Tafiyar wajen kilomita 300 ce, ta Koko da Jega da Tambuwal, a zamanin da babu kwalta, motoci kuma sai jefi-jefi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai ɗaure 'yan kayansa a tabarma, iyaye su raka shi bakin gari, ba su sake ganinsa sai hutu. A waccan midil ce Ahmadu Bello ya koyar daga 1931 zuwa 1934, bayan ya fito daga Kwalejin Katsina, kuma a can Shehu Shagari ya yi karatu kafin ya wuce Kwalejin Kaduna. Daga midil, ɗaya cikin da yawa ne yake samun wucewa kwaleji. Sauran sukan koma gida su zama malaman elementare, ko malaman haraji, ko ma'aikatan asibiti da gandun daji.

Waɗannan da suka dawo su ne suka karya ƙashin bayan gardama. Da mutanen gari suka ga ɗan wane ya dawo yana karanta wa mahaifinsa takardar haraji, yana salla yana gaida manya, ga albashi ƙarshen wata, sai tsoro ya fara raguwa. Gani ya kori ji. A shekarun 1950 aka fara mayar da midil-midil makarantun sakandare na lardi, amma har a lokacin ɗan Yauri sai ya bar ƙasarsu kafin ya ga ƙofar sakandare. 'Ya mace kuwa, maganarta ba ta ma cika tasowa ba.

Ruwa Ya Tashi

A 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji. A 1968 ruwa ya taru, a farkon 1969 kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta. Tafkin da ya samu ya miƙe fiye da kilomita 130, tun daga madatsar har ya wuce Yelwa. Tsohon garin Busa ya nutse, haka tsibirin Foge da ɗimbin ƙauyukan bakin kogi. Mutum wajen 44,000 aka tayar aka sake wa matsuguni, kuma da yawansu talakawan Sarkin Yauri Muhammadu Tukur ne, wanda ya yi sarauta daga 1955 zuwa 1981.

Gungawa sun fi kowa jin wannan sauyi a jikinsu. Mutanen da suka gaji noman albasa da gero a tsibirai, suna ban ruwa a bakin kogi, sai ga su a tudu cikin gidajen siminti da gwamnati ta zana musu. Wannan ƙaura tana da alaƙa da tarihin makarantarmu ta hanya biyu. Ta farko, yaron da a da sai an shiga kwalekwale kafin a kai gare shi, yanzu yana zaune a ƙauyen da mota take iya zuwa, malamin firamare ma yana iya zuwa. Ta biyu, uban da ya ga gonar kakanninsa ta koma ƙarƙashin ruwa a cikin damina guda ya fahimci cewa akwai bukatar ɗansa ya riƙe wani abin da ambaliya ba ta ci. Injiniyoyi da akawuna da ma'aikatan lantarki da suka cika Sabuwar Busa sun nuna wa kowa irin abin da takarda take saya.

A daidai wannan lokaci siyasar ƙasa ma tana sauyawa. A 1967 aka ƙirƙiri Jihar Arewa maso Yamma, Usman Faruk yana gwamna. A 1976 aka yi Jihar Sakkwato, kuma a shekarar ce aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa. Kuɗin man fetur ya shigo, azuzuwa suka yawaita, sakandaren gwamnati ta iso Yelwa kanta. Daga 1982 aka shiga tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, da masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru.

Asalin Kwalejojin Tarayya

Makarantarmu reshe ce ta wata bishiya da aka dasa tun kafin a haifi mafi yawanmu. A 1966 gwamnatin tarayya ta buɗe kwalejoji uku, ɗaya a Sakkwato, ɗaya a Warri, ɗaya a Okposi, domin yaran yankuna dabam-dabam su tashi tare. Ba a jima ba ƙasa ta faɗa yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Da aka ajiye makamai sai gwamnatin Gowon ta ga cewa maganin ƙiyayyar da jahiltar juna ta haifar shi ne a haɗa yara tun suna ƙanana, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga 1973 aka shiga buɗe irin waɗannan kwalejoji a jihohi, kuma duk lokacin da aka ƙirƙiri sababbin jihohi sai a ƙara, har yawansu ya haura 100. Takensu guda ne, wato Pro Unitate, kalmomin Latin masu nufin domin haɗin kai.

A rabon da Jihar Kebbi ta samu, kwalejin 'yan mata tana Gwandu, ta kimiyya da fasaha tana Zuru, ta maza da mata kuma tana Birnin Yauri. Ana shiga ne ta jarrabawar share fage ta ƙasa baki ɗaya, kuma ana ware wa jihohi gurabe domin kada wani yanki ya cinye. Da haka ne al'amari ya juya. Ƙasar da a da take tura 'ya'yanta Sakkwato da Katsina, yanzu ita ake turo wa 'ya'yan wasu. Uba a Zuru ko Kwantagora, ko ma a can Kudu, zai sa ɗiyarsa a mota ya ce Birnin Yauri za ta, ya koma gida ya yi barci da minshari.

Duk wanda ya zauna a can ya san abin da wannan haɗuwa take koyarwa, wanda babu shi a manhaja. Ƙararrawar asuba ba ta san ɗan sarki ba, layin abinci bai san ɗan attajiri ba. Yaron da bai taɓa jin Kambarci ba ya koyi gaisuwa da shi, wanda ya zo ba ya jin ko "zo" da Hausa ya koma gida yana ciniki da ita. Musulmi ya san ranar da abokinsa yake zuwa coci, Kirista ya san lokacin da ake buɗa baki. Malamanmu kuwa, da yawansu sun baro garuruwansu masu nisa, suka zauna da mu cikin zafin bazara da sauron bakin tafki, suna duba mu a karatun dare kamar 'ya'yan cikinsu. Su suka shirya mu ga jarrabawar WAEC, da ta NECO wadda aka fara a shekarar 2000. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Masarauta ma ba ta bar sha'anin ilimi ba, domin a 1999 sarautar Yauri ta faɗa hannun Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

Ranar 17 ga Yuni 2021

Ba a taɓa ba da tarihin makarantarmu a tsallake wannan rana. Tun daga sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014 da na Dapchi a 2018, makarantun kwana na Arewa suka shiga zullumi. A Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka shiga Kagara da Jangebe, a ƙarshen Mayu kuma aka ɗebi yaran Islamiyya a Tegina. Wutar tana matsowa kowa yana gani. Ƙasar Ngaski ma tana cikin makoki a lokacin, domin ranar 26 ga Mayu jirgin ruwa ɗauke da fiye da mutum 150 ya kife a kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Mako uku bayan haka, ranar Alhamis 17 ga Yuni, 'yan bindiga a kan babura suka afka wa kwalejin da rana tsaka. Suka fi ƙarfin masu gadi, suka kashe ɗan sanda, suka tasa ɗalibai da malamai zuwa daji. Rahotannin farko sun ce ɗaliban sun haura 80, mafi yawansu mata. Wasu sun kuɓuta a kwanakin farko lokacin da jami'an tsaro suka bi sawu, wasu kuma sun rasa rayukansu. An danganta harin da ƙungiyar Dogo Giɗe. Aka sako wani rukuni a Oktoban 2021, wani a Janairun 2022, aka bar 'yan mata 11 a hannun ɓarayi. Iyayensu suka kafa kwamiti, suka yi ta bin ƙofa-ƙofa suna neman taimako. Sai a watannin Afrilu da Mayu na 2023 aka sako su kashi-kashi, bayan sun yi kusan shekara biyu a daji.

Abin takaici, a Oktoban 2021, lokacin da ƙannenmu suke tsare, a Abuja aka yi babban taron ƙasashen duniya kan kare makarantu daga hari, bisa yarjejeniyar da Nijeriya ta amince da ita tun 2015. Ita kuwa makarantarmu, bayan harin an rufe ta, karatu ya tsaya, ɗalibai suka watse. Kuma masifar ba ta bar yankin ba: a Nuwamban 2025 an sace ɗalibai mata a Maga cikin masarautar Zuru, kwanaki kaɗan bayan haka aka kwashe ɗaruruwa a Papiri, can tsallaken tafki a Jihar Neja.

Asarar da ba a iya ƙirgawa ita ce ta zukatan iyaye. Kakar da ta ɓoye ɗanta a rumbu a zamanin En'e tana tsoron abin da ba ta sani ba ne. Uwar da ta hana ɗiyarta komawa makarantar kwana bayan 2021 tana tsoron abin da ta gani da idonta. Wannan tsoro na biyu ya fi wuyar magani, kuma 'ya'ya mata, waɗanda su ne na ƙarshen shiga aji, su ne na farkon fita.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa makaranta tana iya jure girgiza in tana da masu ita. Kwalejin Katsina ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta sauya suna har ta zama Barewa a 1971, amma ba ta ɓata ba, domin tsofaffin ɗalibanta sun riƙe ta. Haka kuma a 2006, da aka kawo shawarar shigar da 'yan kasuwa cikin tafiyar da kwalejojin tarayya, tsofaffin ɗalibai da iyaye da malamai suna cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har aka janye.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamace mu. Da farko, mu tattara tarihinmu tun masu shi suna raye: rajistar shiga, da sunayen shugabanni da malamai, da hotunan aji-aji, da bayanin ma'aikatan da suka ga farkon makarantar. Abin da ba a rubuta ba, ruwa yakan ci shi kamar yadda ya ci Foge. Na biyu, ƙannenmu da aka sace 'yan wannan ƙungiya ne ko sun kammala ko ba su kammala ba, kuma duk wanda yake son ci gaba da karatu a cikinsu bai kamata kuɗin makaranta ya tsayar da shi muna gani ba. Na uku, mu riƙa magana da murya ɗaya a gaban Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da gwamnatin jiha da masarauta kan tsaron makarantu, ba sai bayan an yi ɓarna ba. Na huɗu, kowa ya koma ƙauyensu ya nuna kansa. Likita ko lauya ko malamar asibiti da ta fito daga Birnin Yauri, in ta zauna a tsakar gida ta yi hira da iyaye mata, ta fi sanarwar rediyo goma tasiri. Da haka malaman elementare na zamanin Sarki Abdullahi suka shawo kan kakanninmu, kuma hanyar ba ta tsufa ba.

Waɗanda suka taka zuwa Sakkwato da tabarma a ka sun biya rabonsu. Waɗanda ruwa ya tayar daga tsibirai suka sa 'ya'yansu a aji, su ma sun biya nasu. Saura mu da muka sha inuwar abin da suka shuka. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya kare ɗalibai da malamansu a duk inda suke, amin.